Katin Kanti da Ya Zaga Gidanmu

Abubuwa da yawa sun same ni a zaman Kaduna, wasu na manta su sarai, wasu sai an tuna mini. Amma maganar katin kanti, ko zan shekara ɗari a duniya, ba za ta fita daga raina ba. Har yau in na gifta ta ƙofar babban kanti, ƙamshin sabulu da warin kananzir suka bugo ni, sai maganar ta dawo mini sabuwa.

A lokacin, 'yan shekaru kafin a sami mulkin kai, ina aikin masinja a wani ofishin gwamnati. Ba yaro ba ne ni, furfura ta fara leƙowa a gemuna. Kullum da safe in hau keke daga Kawo in gangaro cikin gari, in yini ina kai takardu daga wannan ofis zuwa wancan. Da la'asar kuma in tsaya ajin yaƙi da jahilci, inda mu manya muke jeruwa a kan benci muna haɗa baƙi da wasali. Na kai inda nake iya rubuta sunana ba sai na dangwala yatsa ba, kuma wannan abu yana yi mini daɗi ba kaɗan ba.

Sa hannun nan shi ya kai ni ga kati. Akwai wani mai kanti a cikin gari da ya fito da wata dabara. Duk ma'aikacin gwamnati mai albashi, in babban akawun ofishinsu ya shaide shi, sai a ba shi wani ɗan kwali mai kauri, bai kai tafin hannu ba, da lamba a jiki. Duk wanda ya zo da kwalin nan sai a ba shi kaya ba tare da ya biya ko anini ba, ƙarshen wata mai lambar ya zo ya biya. Akawunan ofishinmu duk sun karɓa. Ni ma da na ga ana sa hannu ne ba dangwale ba, sai na ce me zai hana.

Ranar da babban akawu ya shaide ni, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malam, ka dai san doka. Ma'aikacin da bashi ya yi wa katutu har aka kawo ƙararsa ofis a rubuce, gwamnati ba ta riƙe shi. Ka ga abin da ya sami direban nan bara." Na gani kuwa. A gabana ya tuɓe kakinsa ya miƙa, ya fita da 'yar shara, yana da 'ya'ya cike da ɗaki. Na ce, "Ranka ya daɗe, sukari ne kawai da kananzir." Haka kuma na yi, wata da watanni, ban taɓa wuce abin da zan iya biya ba.

Gidan da muke haya a Kawo babban gida ne, ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya. Kowa daga garinsa aiki ya kawo shi. Akwai wani kafinta Kirista, mutumin kudancin Zazzau, da matarsa, su ne ƙofarsu ke kallon tamu. Akwai wani tsohon soja da matarsa, wadda kowa ke kira Inna, ita ce uwar gidan baki ɗaya, ita ke raba faɗa, ita ke riƙe adashin mata. A gidan nan babu abin da ba a aro. Turmi, rariya, dutsen guga, tabarmar baƙi, har rigar zuwa ɗaurin aure. Ƙa'ida ɗaya ce tak, ka mayar da abu yadda ka karɓe shi. Wanda kuwa ya hana aro ya gama da kansa, ko suna ya yi ba mai leƙa shi.

Sai aka ce Baturen ofishinmu zai fita rangadi, da ni za a tafi, kuma za a daɗe. Na bar wa maiɗakina kuɗin cefane, na kuma zaro katin na miƙa mata. Na ce, "In wani abu ya yanke, a kai wannan kwali kantin nan a nuna, za su bayar." Ta jujjuya shi ta ce, "Haka kawai, Malam?" Na ce, "Haka kawai." A zamanin nan namiji ba ya zama da matarsa a yi maganar albashi. Ya ajiye na cefane, shi ke nan. Haka na ga mahaifina ya yi da rumbunsa, haka abokan aikina duka suke yi. Shekarunmu da yawa tare, amma ba ta san nawa nake ɗauka ba, ni kuma ban ga dalilin in yi mata dogon bayani a kan ɗan kwali ba.

Mun fi wata ɗaya a waje. Ranar da muka dawo, mota ta sauke ni a Kawo wajen azahar, na saɓo 'yar jakata. Tun daga zaure na fara jin abin da ban gane ba. Tsohon sojan nan, wanda gaisuwarsa ba ta wuce ɗaga hannu, ya miƙe tsaye ya kama hannuna da hannu biyu. "Sannu da zuwa, Malam. Allah ya ƙara girma, Allah ya saka da alheri." Na ce amin. Na shiga tsakar gida, mata suka yi caa, wannan ta ce an gode, waccan ta ce Allah ya bar mu tare. Ina amsa amin, ina dube-dube. A ƙofar kowane ɗaki akwai sabuwar fitilar ƙwai a rataye. A bakin rijiya an kife sababbin fantekoki suna ƙyalli. Igiyar shanya cike da atamfar da wankin farko ke nan ta sha. Gidan duk ƙamshin sabulun wanka yake, irin wanda ni kaina sai da Salla nake saye.

Na shiga ɗaki, maiɗakina ta kawo ruwa. Na ce, "Wai biki aka yi a gidan nan ba na nan?"

Ta yi dariya ta ce, "Kai dai, Malam, da zurfin ciki. Ashe gwamnati ta ba ka wannan girma ba ka faɗa wa kowa ba."

Ta ba ni labari, tana murna. Kananzir ya ƙare, ita kuma ba ta fita, sai ta ba Inna katin, da yake za ta shiga gari. Inna ta nuna, aka cika mata kwalba, ba a tambaye ta ko kwabo ba. Ta dawo ta ce ai ta san irin wannan, katin abinci ne irin na bariki, lokacin da mijinta yana soja haka ake ba su, a nuna a karɓi hatsi da gishiri, gwamnati ke biya. Inna kuwa in ta faɗi magana a gidan nan ta zauna. Kashegari matar kafinta ta zo aron katin, sabulu kawai take so. Daga nan wata ta zo, wata ma ta zo. "To, yaya zan yi, in hana? Da wane ido zan dube su? Amma wallahi, Malam, duk wadda ta ara a ranar take dawo da shi." Ta buɗe wani kwano mai murfi, ta warware ƙyalle mai tsabta, ta miƙo mini. "Duba ka gani, ko lanƙwasa bai yi ba."

Na karɓa, na ce, "To, madalla." Iyakar abin da ya fito daga bakina ke nan. Mutane sukan yaba mini haƙuri, a ofis ma in an rasa wanda za a aika wurin mafaɗaci ni ake turawa. Amma yanzu da nake waiwaye, abin da na yi a ranar ba haƙuri ba ne, bakina ne kawai ya mutu.

Ko takalmi ban tuɓe ba, na jawo keke na nufi gari. Mai kantin na ganina ya taso da kansa. "Maraba da babban mutum! Na ce ko sarauta aka ba ka." Ya faɗa mini abin da ake bina. Na roƙe shi ya sake faɗi. Ya sake. Ya ɗara albashina na wata uku. Na ce, "Me ya sa ba ku hana ba?" Ya ce, "Ni da kai mun yi magana, duk wanda ya zo da kati a ba shi. Tsohuwar nan ma na tambaye ta, ta ce ɗanta ne kai." Ba mugun mutum ba ne, ya ma sa aka kawo mini kujera. Amma ya ce, "Ni ma wasu ke bina kuɗin kayan nan. Ranar albashi ka kawo rabi. In ba ka kawo ba, ba ni da yadda zan yi, sai in rubuta wa ofishinku."

Rabi. Ko na juye masa albashin watan gaba ɗaya, mu kwana da yunwa, bai kai ba.

Daga ranar nan zama ya gagare ni. In ina ofis, duk takardar da ta shigo sai gabana ya faɗi, ni da aikina ɗaukar takarda ne. In babban akawu ya buga ƙararrawa sai in zabura kamar an tsikare ni. In na hau keke sai in wuce inda aka aike ni, sai na yi nisa in farga in juyo. Na yi tunanin sayar da keken, to shi ma da rancen ofis na saye shi ana cirewa kaɗan-kaɗan, kuma masinjan da ba shi da keke ai ya kori kansa. Na yi tunanin masu ba da kuɗi da ruwa a bayan kasuwa, har na je bakin layinsu, na tsaya, na juyo. A aji malaminmu ya kira ni in karanta abin da ya rubuta a allo, layin da na iya tun kafin tafiya. Na tsaya ina kallon baƙaƙen kamar ban taɓa ganinsu ba. Ya ce, "Baba, yau dai lafiya?" Na ce gajiyar hanya ce.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, kuɗin nan yana cikin gidanmu, ina ganinsa a rataye a ƙofar kowa, amma ba ni da bakin tambaya. Yaya za ka ce wa mutumin da ya ari abu ya mayar, ya kuma yi maka godiya, wai kana binsa? Wata rana na daure na ce bari in fara da kafinta, shi da muke wasa da dariya. Na same shi a rumfarsa yana feƙe katako. Kafin in buɗe baki ya ɗago wani sabon zarto ya ce, "Maƙwabci, ka ga wannan? Tsohon nawa ya daɗe yana wahal da ni. Ranar Lahadi sai da na sa aka yi maka addu'a a coci." Na ce na gode. Muka yi hirar tsadar ƙusa. Da zan tafi ya ce ko zan ara masa famfon keke. Na koma ɗaki na ɗauko masa.

Ranar albashi tana ta matsowa. Tuwo in an kawo, in yi loma biyu in ture. Wata Jumma'a na dawo daga masallaci, na zauna a bakin gado, na tashi, na leƙa waje, na dawo na zauna. Maiɗakina tana kallona. Ta ce, "Malam, kwano sai komawa yake yi yadda ya zo. Ko wani ne ya rasu a gida kake ɓoye mini?"

Na ce babu wanda ya rasu. Ta ce, "To, mene ne?" Na dube ta, na ga idonta ya ciko, sai kawai na faɗa mata komai. Na ce katin nan ba kyautar gwamnati ba ce, bashi ne, kuma a wuyana yake. Na faɗa mata abin da mai kanti ya ce, na faɗa mata labarin direban nan.

Na zaci kuka za ta yi. Sai ta ce, "Nawa ne albashin naka?" Tunda muka yi aure ba ta taɓa yi mini wannan tambaya ba. Na faɗa. Ta ce, "Shi ke nan? Da wannan kake riƙe mu duk shekarun nan?" Ta ja mayafi ta fita. Jim kaɗan na jiyo salati daga ɗakin Inna.

"Kai, ɗan nan! Fito nan!" Na fito. Inna tana tsaye a tsakar gida, ɗankwali a hannu. "Muna ta sa maka albarka kana cewa amin, ashe yanka ka muke yi? Bakin naka na mene ne, na cin goro kawai?" Mijinta daga zaure ya ce, "Ni dai na ce katin bariki ba haka yake ba." Ta juya ta ce, "Yaushe ka ce? Kai da ka sha shayi da madara har ka yi kumatu!" Duk da halin da nake ciki sai da na yi dariya.

Nan take ta tara gidan. Ba kowa ya ji daɗi ba. Wata ta ce ita aro ta yi, ta kuma mayar, ba wanda ya ce mata bashi ne, ta shige ɗaki ta saki labule. Wani kuma tuni an yi masa canjin wurin aiki, ya tafi da barguna biyu. Amma sauran suka tsaya. Kafinta ya rasa inda zai sa kansa, sai cewa yake, "Haba maƙwabci, haba maƙwabci, har da famfo na karɓe maka." Inna ta ce duk abin da ba a taɓa ba a fito da shi, atamfar da ba a yanka ba, fitilar da ba a kunna ba. Kanti ba ya karɓar kayan da suka fita, don haka ita za ta ɗauka ta shiga gidaje ta sayar, ko da faɗuwa. Kwasar adashi ta watan ta matar kafinta ce, ta daɗe tana jira don ta sayi keken ɗinki. Matar ta ce a ba mu, ita ta karɓi tamu in ta zagayo.

Da na koma ɗaki na tarar maiɗakina tana sauke kwanukan jerenta, waɗanda ta zo da su daga gidansu. Na ce, "Wannan kam a'a." Ta ce, "Da hannuna na ba da katin nan, Malam. Bari in sa hannuna a biyan." Na bar ta ta sauke.

Kwanakin da suka rage, Inna ba ta zauna ba. Da ƙullin kaya a ka ta zaga Unguwar Shanu, ta kai har Kurmin Mashi da ƙafa, tsohuwa da ita. Kullum in ta dawo sai in leƙa fuskarta, ita kuma ta ce, "Daina kallona kamar maraya, je ka ci tuwo."

Ranar albashi na karɓi nawa, na nufi kanti. Inna da kafinta suna jirana a ƙofa. Na ajiye katin a gaban mai kanti, da abin da zan iya ajiyewa. Inna ta shiga kwance ƙulli bayan ƙulli, ga sulalla, ga sisi-sisi, ga kwabbai masu huji an zura su a zare. Mai kanti ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya girgiza kai. Bai kai rabi ba. Na ga kaina tsaye a gaban babban akawu ina tuɓe kaki.

Inna ta gyara zama a kan buhun gishiri ta ce, "Yallaɓai, in ka rubuta takardar nan aka kore shi, wa zai biya ka sauran? Ni? Ga ni, ka ajiye ni a kanta ka ga ko za a taya." Mai kanti ya yi murmushi. Sai kafinta ya ce, "Na ga kuna jibge kaya a ƙasa a ɗakin baya. In kana son kantocin jera kaya, katako naka, aiki nawa, a cire a cikin na maƙwabcina." Mai kanti ya dube shi, ya dube ni, ya daɗe yana kaɗa yatsa a kan tebur. Can ya ce, "Ba zan rubuta ba. Sauran, kowane wata ka kawo abin da za mu yanka yanzu." Ya turo mini katin. Na tura masa abinsa na ce, "A bar shi a nan."

Da muka fito, ban iya hawa keken ba. Tura shi na yi har Kawo, Inna tana gaba tana yi mini faɗa tun daga gari har gida, ni kuwa ban taɓa jin faɗa mai daɗi irin wannan ba.

Mun kusa shekara muna biya. Nama ya yi mana wuyar gani, Sallar shekarar da tsofaffin kaya muka yi ta. Matar nan da ta saki labule ba ta taɓa ba da ko kwabo ba, ni kuma ban taɓa tambayarta ba, don a ganinta gaskiya ta faɗa. Aikina dai ya tsira, babban akawu bai taɓa jin labarin ba.

Abin da na koya, na farko, bashin da ba ka ga kuɗi suna fita daga hannunka ba ya fi kowane bashi saurin girma. Amma wanda ya fi wannan, shi ne wanda kuke ci a tukunya ɗaya ya kamata ya san abin da ke shigowa da abin da ke fita. Da na yi wa maiɗakina magana ɗaya a ranar tafiya, da duk wannan bai faru ba. Tun daga watan nan, in na karɓi albashi, sai in zo in juye shi a kan tabarma a gabanta, mu ware na haya, na hatsi, na ajiya. Wasu abokaina sun ce na zubar da girman maigida. Ni dai na san tun da na fara haka, ban sake ture kwanon tuwo ba.